Yaushe Ake Canza Tagar Gida, Yaushe Kuma Gyara Ya Isa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, ko ruwan farko ya sauko da iska, tambayoyin nan su ne dai ke dawowa, daga masu gida, daga ƴan haya, daga matan da suka gaji da goge ƙura safe da yamma. Na tattaro waɗanda aka fi yi na amsa su wuri ɗaya. Na fara da na sama-sama, sannan na shiga kowace irin taga da matsalarta.

Malam, ta yaya zan gane tagar nan ta gama aiki, ba gyara kawai take so ba?

Ka duba firam, wato jikin tagar da aka kafa a cikin bango. Shi ne ke yanke hukunci. Gilashi, roba, raga, hannu, sakata, hinji, tayar da ganye, wato ɓangaren tagar da ke buɗewa, ke gudu a kai, duk waɗannan kayan canji ne, in sun lalace a cire a sa wasu shikenan, tagar na nan. Amma in firam ɗin ne ya ruɓe, ko tsatsa ta huda shi, ko ya murɗe har ganyen baya zama daidai, ko kana girgiza shi kaji yana motsi a cikin bango, toh wannan ta kai canji, duk kuɗin da ka zuba a gyaranta bayan wata biyu zaka sake kiran mai gyara.

Akwai kuma alama ta biyu da mutane basa lissafawa, wato yawan gyaran kansa. In a shekara ɗaya ka kira mai walda ko kafinta sau biyu sau uku a kan taga ɗaya, ka zauna ka haɗa abin da ka kashe, sau da yawa zaka ga ya doshi kuɗin sabuwa. Ni dai ra'ayina, mafi yawan tagogin da ake cirewa a garuruwanmu basu mutu ba, gyara suke so, sannan waɗanda ya kamata a cire tun bara su ne ake bari ana toshe su da tsumma da kwali.

Shekara nawa ya kamata taga tayi kafin a canza ta?

Babu wata shekara da za a ce in ta cika sai a cire. Akwai tsofaffin gidajen gwamnati a Kaduna da Jos da Zariya da tagogin ƙarfensu sun haura shekara 40 suna aiki saboda ƙarfen mai kauri ne kuma ana fenti, sannan akwai alminiyom ɗin da aka sa shekara 3 da suka wuce har ya fara lanƙwasa don tun farko marar kauri aka saya. Abin da ke ƙayyade kwananta shi ne ingancin kayan, hannun wanda ya kafa, da ɓangaren da take kallo.

Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. A ƙasar Hausa hadari mai iska yawanci daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, shi ya sa tagogin gabas su ke fara mutuwa. Na yamma kuma ranar la'asar ce ke dafa su, roba ta bushe fenti ya ɓare. In zaka zagaya gida ka duba, fara da waɗannan biyun.

Na rufe ko'ina amma ƙura na shigowa kamar a waje muke kwana. Tagar ce ta lalace?

Zai iya zama ita ce, zai iya zama robarta ce kawai. Ga gwaji mai sauƙi: ka samu fallen takarda ka sa a bakin tagar ka rufe a kanta, sannan ka ja. In ta zare salin alin ba tare da ta riƙe ba, wurin baya matsewa. Ka gwada sama da ƙasa da gefe biyu. Da daddare kuma ka kashe wutar ɗaki, wani ya tsaya a waje yana bin gefen firam da tocila, duk inda haske ya ratso nan ƙura ke bi, nan kuma sauro ke bi.

In hasken tsakanin ganye da firam yake ratsowa, a canza roba ko burushin nan mai gashi-gashi da ke jikin taga mai zugewa, abu ne mai araha. In tsakanin firam da bango ne, a cike da siminti ko silikon. Sai in an yi duk wannan takardar na zarewa a kusurwa ɗaya tana riƙewa a ɗaya, toh firam ya murɗe, ka duba amsar da ke ƙasa a kan tagar da ta ƙi rufuwa. Luba kuwa, wato taga mai jerin fallayen gilashi da ake karkatawa, ita daban ce, ko sabuwa fil ce bata tare ƙurar hunturu, na yi bayaninta a wurinta. Kuma in akwai mai asma ko jariri a ɗakin, dan Allah kar a ɗauki maganar ƙura da wasa, a fara da tagar ɗakinsu tun kafin Nuwamba.

In ana ruwa sai bangon ƙarƙashin taga ya jiƙe, fenti na kumbura. Sabuwar taga zata magance?

Ba lallai ba, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Sai a sa sabuwar taga mai tsada, damina ta zagayo, bango ya sake jiƙewa a wuri ɗaya, don tun asali ruwan ba ta jikin tagar yake bi ba. Ruwa na iya shiga ta tsagar filasta a saman taga, ko daga kwanon da bakinsa bai fito sosai ba, ko indararon da ke zuba a jikin bango, ko kuma gindin tagar na waje da magini ya shafe shi a miƙe ko ma ya karkato ciki, maimakon ya ɗan gangara waje ruwa ya zube.

Ka gwada da rani, ba sai ka jira hadari ba. Mutum ɗaya a ciki, ɗaya a waje da bokiti ko tiyo. A fara zuba ruwa a ƙasan tagar, a jira minti 5, sannan gefe, sannan kan gilashin, sai a ƙarshe bangon da ke samanta. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, in ka fara daga sama ruwan zai bi ko'ina ba zaka gane mashigarsa ba. Matakin da na ciki ya ce ya ga laima, nan ciwon yake.

Wani abu kuma, taga mai zugewa ta alminiyom tana da ƴan ramuka a layin ƙasa ta waje, aikinsu fitar da ruwan da ya taru. Ƙurar hunturu na toshe su, wani lokacin ma mai filasta ko mai fenti ne ya liƙe su bai sani ba, sai ruwan farko ya cika layin ya malalo cikin ɗaki. Ka zura waya ko tsinke ka buɗe su. In layin ƙasan ne ya tsage ko kusurwoyinsa suka rabu, wannan kam sai canji.

Tagata ta katako ce, daga waje lafiya lau take. Ta ina zan san ko gara ta shiga?

Gara daga ciki take ci ta bar maka fenti a tsaye, shi ya sa ido kaɗai baya isa. Ka ɗauki sukundireba ka ƙwanƙwasa firam ɗin da gindinta, katako mai lafiya ƙararsa a cike take, wanda aka cinye zaka ji fayau. Sannan ka danna bakinta a kusurwoyin ƙasa, inda katako ya haɗu da siminti, in ta nutse ba da wani ƙarfi ba, ko katakon na marmashewa, ya tafi. Ka kuma duba ko akwai siririn layin ƙasa da ya hau bango zuwa tagar, wannan hanyar gara ce. Gari mai laushi da ke zuba a ƙasa tare da ƴan ƙananan huji kuma aikin ƙwaron katako ne.

In wuri ɗaya ne ƙarami, kafinta mai hannu zai yanke ya dasa wani. In kusurwoyin ƙasa biyu duk sun tafi, ko wurin da hinji ke kamawa ya daina riƙe sukuru, a cire. Amma wallahi kar ka kafa sabon katako a ramin da gara take ba tare da an bi hanyarta an sa magani a bango da ƙasan wurin ba, abinci kawai ka kai mata. In katako zaka mayar, ka nemi mai tauri irin maɗaci ko loko wanda ya bushe sosai, a shafe shi da maganin katako irin Solignum musamman bayan da zai shige bango. Farin katako mai laushi irin obeche ba na firam ɗin taga bane.

Kar kuma a rikita wannan da kumburin damina. Katako na shan laima a Agusta ya matse, hunturu ya zo ya saki. Wanda ke matsewa da damina kaɗai gogewa yake so da fenti.

Ta ƙarfe fa, tsatsa nawa ce tayi yawa?

Tsatsar da ke sama-sama, wadda in ka goga da samfefa farin ƙarfe ke fitowa, ba komai bace. A goge, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da fentin mai. Wadda ta kai canji ita ce mai ɓarewa falle-falle, ko wadda ka danna ƙusa ta huda, kuma kusan kullum a sandar ƙasa take farawa inda ruwa ke kwanciya. Ƙarfe in yayi tsatsa kumbura yake, shi ya sa zaka ga filastar gefen taga na fashewa, ko gilashi ya tsage ba wanda ya taɓa shi.

In sandar ƙasa kaɗai ta ci, mai walda zai iya yanke ta ya ɗora sabuwa a wurin. In ta bi gefe biyu, ko tagar irin ta bututun nan ce marar kauri da ke ruɓewa daga ciki, babu abin da walda zata kama, ana ɗorawa tana hujewa. Wajen goge tsohon fenti kuma a fitar da yara daga ɗakin, a jiƙa wurin kafin a goga, mai aikin ya rufe hanci, don tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu kuma ƙurarta na cutar da ƙananan yara.

Gidanmu luba ce tun ta mahaifinmu, kowa na cewa mu cire ta tsufa. Dole ne?

Ba dole bane, kuma ni ina ganin ana raina luba fiye da kima. A wajen shigar iska babu kamarta, kusan duk faɗin tagar ne ke buɗewa, kuma ko ana yayyafi zaka iya karkata ta iska na shiga. A watan Afrilu da zafi ke haura 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ga ba wuta, mai luba ya fi mai taga mai zugewa samun barci. In ganye biyu ko uku ne suka fashe a sayo a zura, in hannun ne ya sandare a wanke ƙurar a ɗiga mai, in ƙarafunan gefe masu riƙe gilashin ne suka saki ana sayar da su daban, a kwance a ɗaura wasu.

Inda take da rauni shi ne ƙura, da tsaro, da ɗakin esi. Ana iya zare ganyenta daga waje ba ƙara, saboda haka luba ba ƙarfen tsaro haɗari ce. In kun sa esi kuma sanyin zai riƙa zurarewa ta tsakanin ganyayyakin. Toh in ɗakin na esi ne, ko yana kallon titi mai ƙura, a canza ta ɗakin. Kicin da banɗaki da baranda ku bar musu abarsu.

Alminiyom ce mai zugewa, yanzu sai na sa ƙarfi biyu take motsi.

Yawanci tayoyin ƙasa ne suka cinye, ko yashi ya cika layin. A ɗaga ganyen a fitar, a share layin da burushi, a canza taya, aikin da baya kai awa ɗaya. Kar a zuba baƙin mai ko giris a layin, ƙura yake kamawa ya zama kwaɓa. In an daɗe ana jan ta da ƙarfi bayan tayar ta mutu, ƙarfe na gogar ƙarfe har layin ya cinye ko ya lotsa, sabuwar taya ba zata hau daidai ba, wannan sai a canza firam. Haka in ka kama ganyen da hannu biyu ka ji yana lanƙwasa kamar gwangwani, ko kusurwoyinsa sun buɗe gilashi na rawa, kayan ne tun farko marar kauri.

Taga ta ƙi rufuwa, kuma na ga bango ya tsage daga kusurwarta. Akwai alaƙa?

Akwai, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a ɗauka da muhimmanci a duk shafin nan. Ka ɗauki tef ka auna firam daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ka auna ɗaya gicciyen. In tagar a daidai take awon biyu zai zo ɗaya. In sun bambanta da kamar santimita 1 ko fiye, wani abu ne ya danne ta ko ya ja ta. Ko dai linta, wato kankaren da aka gitta a samanta, ta sauko, don ƙarfen cikinta yayi kaɗan ko bata hau bango sosai ba, alhali ya kamata ta hau aƙalla santimita 15 kowane gefe, ko kuma tushen ginin ne ke zama ta ɓangare ɗaya. Wannan na yawan faruwa a unguwannin da aka cike kududdufi aka yi gini a kai, da wuraren baƙar ƙasa mai laka irin ta wasu yankunan Borno da Adamawa, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani.

Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ka duba bayan wata ɗaya. In ta wuce layin, ko tana ƙara buɗewa har kwandala na shiga, kar ka kira mai taga, ka kira injiniyan gini ko tsohon magini wanda ya san aikinsa. Sabuwar taga a ramin da ke motsi zata murɗe kamar ta farko. A gyara bango tukuna, in ya tsaya sannan a auna taga.

Gilashi ɗaya ne ya fashe, mai aikin ya ce gara a canza duka. Gaskiya ne?

In firam lafiya yake, gilashin kawai za a canza. Amma ka kalli yadda ya fashe. Wanda dutse ko ƙwallon yara ya buga yana da cibiya, tsagar na watsuwa daga wuri ɗaya. Wanda ya faro daga gefe ya miƙe shi kaɗai kuwa, ko zafin rana ne, musamman gilashi mai duhu da ke kallon yamma, ko an yanka shi cif-cif ba a bar masa wurin motsi ba, ko firam ne ke matse shi. In ka canza ya sake tsagewa a wuri ɗaya, koma kan amsar tsatsa da ta tsagar bango.

Wajen saye ka tambayi kauri. Mai milimita 3 yayi siriri ga babbar taga, 4 ko 5 aka fi sa wa ɗakuna. Tagar da ta sauko ƙasa inda yara ke wasa, ka nemi gilashin da aka gasa, wanda in ya fashe yake zama tsaki-tsaki maimakon dogayen tsini. Shi ba a yanka shi bayan an gasa, saboda haka awo ya zama daidai tun farko.

Tawa mai gilashi biyu ce, hazo ya shiga tsakani baya gogewa.

Liƙin da ya haɗa gilasan biyu ne ya buɗe, laima ta shiga. Gogewa ba zata yi ba. Ana cire gilasan biyun a haɗe a sa wasu, firam ɗin na nan. Gumin da ke bayan gilashi ta waje in esi na aiki da damina kuwa ba lalacewa bace.

Ragar sauro ta yage, ita ma dalilin canza taga ce?

A'a, raga ake canzawa, kuma kar a jira. Hujin da ɗan yatsa zai shiga ya ishi sauro, ga zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ragar roba rana na cinye ta, in ka taɓa ka ji tana karyewa ta gama ko bata yage ba. Inda matsala take shi ne tsohuwar tagar da ba a yi mata wurin raga ba, ko wadda katakon da ake buga ragar a kai ya daina riƙe ƙusa. Mai alminiyom zai iya haɗa firam ɗin raga daban a ɗaura ta waje ko ta ciki. Ka tabbata ana iya cire ta a wanke, don ragar da ƙura ta toshe tana hana iska shiga sosai.

Ƙarfen tsaron da ke jikin tagogina fa, in zan canza in mayar da irinsa?

Ka mayar, amma ka gyara abu ɗaya. Gidajenmu da yawa ko'ina an walde shi da boglari, ƙofa ɗaya ce mafita, in gobara ta tashi ta ɓangaren ƙofar, kuma mun san yadda gobara ke yawa da hunturu saboda hita da garwashi da wutar da ake kawowa da ƙarfi cikin dare, mutanen ciki basu da ta inda zasu fita, na waje kuma kafin su fasa ƙarfe hayaƙi ya gama aiki. Kowane ɗakin kwana ya kamata a ce akwai taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa ta ciki, da kwaɗo, makullin a rataye kusa inda hannun ɓarawo baya kaiwa amma kowa a gidan ya san wurin, har yara masu wayo. Wannan ko tagarka lafiya lau take ka kira mai walda ya yanka ya sa hinji, ba sai ka jira ranar canji ba.

Ka kuma girgiza ƙarfen ka gani. In ƙafafunsa da ke cikin bango sun yi tsatsa har yana motsi, ba ya tsare komai.

Ɗakin zafi kamar me, tagar ƴar ƙarama ce. In fasa in ƙara mata girma?

Masu zanen gini kan so faɗin tagogin ɗaki ya kai wajen kashi 1 cikin 10 na faɗin daɓen ɗakin. Amma abin da ya fi girma tasiri shi ne iska ta samu mashiga da mafita. Ƙananan tagogi biyu a bango daban-daban sun fi babba ɗaya, kuma ƙatuwar taga mai kallon yamma zafi zata ƙara maka. Ɗakin da mutane da yawa ke kwana ba iska, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, wannan dalili ne mai ƙarfi na fasa taga ko da tsohuwar bata lalace ba. In za a faɗaɗa, dole a sake linta, kar magini ya ce maka ta da zata ɗauka. In ƙasa za a sauke ta faɗin na nan yadda yake, lintar bata shiga ciki.

Gidan ƙasa kuwa a bi a hankali. Magabata da suka yi ƙananan tagogi can sama sun san abin da suke yi, bangon mai kauri shi ke riƙe sanyi. In za a fasa, a sa azara mai kyau a sama ta hau bango sosai, a yi da rani, kuma a kula da mahaɗar siminti da ƙasa don nan ruwa ke samun hanya. Sannan kowace irin taga ce, kar a ajiye janareta a ƙarƙashinta, hayaƙinsa na kisa cikin barci kuma iskar da ke kisan bata da wari.

Toh in ta tabbata canji ne, wace iri zan sa?

Ya danganta da abin da ya kashe ta farko. In gara ce ta dame ka, alminiyom ko ƙarfe. In tsatsa ce, alminiyom. In ƙura da ƙarar titi ne, mai buɗewa kamar ƙofa wadda ke matse roba in an murɗa hannu, ita ta fi kowace rufuwa kuma tana buɗewa gaba ɗaya. Mai zugewa ta fi araha kuma bata cin wuri, sai dai rabinta kaɗai ke buɗewa, wanda ya cire luba ya sa ta zai ji bambancin iska tun daren farko.

Ka shiga kasuwa da kanka ka taɓa kayan, Ƙofar Ruwa in kana Kano, Dei-Dei in kana Abuja, Katako in kana Yamai. Ka sa a nuna maka marar kauri da mai kauri ka riƙe a hannu, ka karɓi guntun wanda kuka yi ciniki a kai ka ajiye, ranar da aka kawo aiki ka gwada. Kuma mai haɗawa shi zai zo ya auna kowane rami da kansa, don ramin da ake kira ƙafa 4 da ƙafa 4 da wuya ka same shi cif a ginin bulo.

Wane lokaci ya fi, kuma sai na canza duka lokaci ɗaya?

Ko bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin ƙura ta kankama, ko Maris zuwa Afrilu kafin ruwan farko. Tsakiyar damina ramin zai kwana a buɗe, filasta da fenti basa bushewa yadda ya kamata. Da tsananin hunturu kuma siminti na saurin bushewa ya tsage, sai an riƙa yayyafa masa ruwa na ƴan kwanaki.

Ba sai duka ba. Fara da wadda ke da haɗari, gilashi mai shirin faɗowa ko wadda bata kulluwa, sai mai shigo da ruwa don ita ke lalata bango, sai ɗakin yara da tsofaffi. Wadda muninta kaɗai ke damunka ta jira. In kana so su zama iri ɗaya, ka yi bango guda a tare, don kala da samfurin alminiyom na sauyawa a kasuwa.

Gidan haya nake, wa zai biya?

Abin da aka saba, lalacewar tsufa irin ruɓewar firam da tsatsa da tsagar bango na mai gida ne, abin da kai ko yaranka suka fasa naka ne, sai in takardar hayarku ta faɗi wani abu daban. Ka ɗauki hoto, ka sanar da shi ko wakilinsa tun abin na ƙarami, cikin girmamawa, ka nuna masa cewa ruwan da ke shiga bangonsa yake ci. In kun yarda ka gyara a cire a kuɗin haya, a rubuta nawa ne kafin a fara aiki, da shaida, kuma ka ajiye rasit. Kar ka cire taga ko ka fasa bango ba izininsa.

An gama sawa, me zan duba kafin in cika wa mai aiki kuɗinsa?

Ka buɗe ka rufe kowace ɗaya da hannunka, ka kulle. Ka sake gwajin takarda da na tocila da na faɗa a amsar ƙura, da na bokiti da ke amsar ruwa, bayan siminti da silikon sun bushe. Ka leƙa ka ga ramukan fitar ruwa suna kallon waje kuma a buɗe suke, don ana kafa taga a juye. Ka ja firam ka ji ko an ɗaure shi da bango ta kowane gefe ko siminti kawai aka shafa ya riƙe shi. A goge simintin da ya ɗiga a jikin alminiyom tun yana ɗanye, in ya bushe tabo yake bari, ledar da ke jikinsa ma a ɓare ta da wuri kafin rana ta liƙe ta.

Tsohuwar da aka cire kuma taka ce, ku yi maganarta tun wajen ciniki. Alminiyom da ƙarfe ƴan gwangwan na saye a kilo, ganyen luba masu lafiya ka ajiye don sauran tagogin, katakon da gara ta ci kuwa a fitar da shi daga gidan a ranar.